Otal, Riyad ko Gidan Haya: Yadda Za Ka Zaɓi Masauki Idan Za Ka Birnin Fas

Idan mutanenmu za su fita waje, tikitin jirgi da biza ne ke cinye musu hankali. Maganar masauki sai ana saura kwana biyu a tashi ake tunawa da ita, a buɗe waya, a ga hoto mai ƙyalli da farashi mai sauƙi, a danna. Alhali masauki ne zai yanke maka yawan tafiyar ƙasa da za ka yi kullum, da abin da za ka ci, da ko za ka samu barci, da ko dattijon da ka rako zai iya kaiwa inda ya zo dominsa.

Zan yi bayanin a kan birnin Fas na ƙasar Maroko, saboda gari ne da 'yan'uwa daga Kano da Zariya da Yamai da Kumasi suke zuwa ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a can a shekarar 1815. Kuma a Fas nau'in masaukin nan uku, wato otal, da gidan gargajiya da suke kira riyad, da gidan haya na 'yan kwanaki, sun sha bamban ƙwarai da gaske. Wanda ya iya zaɓe a Fas, zaɓe a Marrakesh ko Alƙahira ko Istambul ba zai ba shi wuya ba.

Mataki na farko: san garin kafin ka duba ɗaki

Fas kashi uku ce. Akwai tsohon birni, Fas al-Bali, inda masallacin Ƙarawiyyin yake, wanda Fatima al-Fihri ta kafa a 859, kuma zawiyyar Shehu tana nan kusa da shi a unguwar Blida. Akwai Fas Jadid da sarakunan Banu Marin suka gina a 1276, inda fadar sarki take. Sai sabon gari da Faransawa suka shata bayan 1912, mai faɗin tituna, inda tashar jirgin ƙasa da bankuna da yawancin otal-otal suke.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne mota ba ta shiga tsohon birni. Lunguna ne birjik, ana cewa sun kai 9,000, wasu ko mutum biyu ba za su gifta juna ba sai ɗaya ya raɓe da bango. Da alfadari da jaki da kurar hannu ake dakon kaya. Tasi zai ajiye ka a bakin ƙofa, kamar Bab Bujulud ko Batha ko dandalin Rasif, daga nan sai ƙafa. Birnin kuma a kan gangare yake. Daga Bab Bujulud manyan hanyoyi biyu, Tala'a Kabira da Tala'a Sagira, suna gangarawa zuwa wajen Ƙarawiyyin. Zuwa da daɗi, dawowa kuwa hawa ne mai sa gwiwa magana. Taswirar waya ba ta nuna wannan, sai ta ce maka tafiyar minti goma sha biyar ce kawai.

Saboda haka ka fara ɗora yatsa a kan wurin da za ka riƙa zuwa kullum. In zawiyya ce, nemi masauki a ɓangaren Rasif ko Blida. In asibiti ne ko wani ofis ko kasuwanci ya kai ka, sabon gari ya fi maka.

Mataki na biyu: auna tafiyar da mafi rauni a cikinku

Kada ka zaɓi masauki da ƙarfin jikinka. Duba wanda ya fi kowa rauni a ayarin: Hajiya mai ciwon gwiwa, ko Malam mai hawan jini, ko mai juna biyu, ko yaro ɗan shekara uku da ba ya zama wuri ɗaya. Da shi za ka auna. Sannan ka ƙirga ku nawa ne, kwana nawa za ku yi, akwai matan da za su so keɓewa, akwai wanda likita ya hana wani abinci. Amsoshin nan su kaɗai sukan fitar da ɗaya ko biyu daga cikin zaɓin ukun tun kafin a zo maganar kuɗi.

Mataki na uku: fahimci abin da kowanne ke bayarwa

Otal ba ya buƙatar dogon bayani. Akwai ma'aikaci a bakin kanta dare da rana, tasi yana kai ka har ƙofa, galibi akwai lifta, akwai na'urar sanyaya ɗaki, in famfo ya lalace a sauya maka wani ɗakin. Idan cikin dare za ka isa garin, ko karon farko ke nan, wannan natsuwar ta cancanci kuɗinta. Illarsa a Fas ita ce nisa. Kowace fita zuwa tsohon birni sai ka tari ɗaya daga cikin jajayen ƙananan tasin garin, kuma ba sa ɗaukar fiye da fasinja uku. Ku huɗu ne, mota biyu ke nan, zuwa da dawowa. Mai son ya samu sallar asuba a zawiyya kullum zai ji jiki. Ga shi kuma manyan otal-otal da yawa suna da mashaya, wasu har da kiɗa cikin dare, to wanda hakan zai dama ya tambaya tun wuri.

Riyad shi ne wanda ya fi buƙatar a tsaya a kansa, domin hotunansa ne suka fi jan mutane, kuma shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Tsohon gidan iyali ne da aka gyara ya koma masaukin baƙi, yawanci ɗakuna kaɗan, biyar zuwa goma. Daga waje ba za ka ga komai ba sai doguwar katanga da ƙofar katako a cikin lungu. Kana shiga sai ka bi wani ɗan soro mai lanƙwasa, sai ga tsakar gida a buɗe, an shimfiɗe ta da ƙananan tayil masu launi, ga maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya, wani lokaci da itacen lemo. Duk tagogin ɗakunan tsakar gidan suke kallo. Wanda ya tashi a gidan ƙasa na cikin birnin Kano ko Katsina, mai zaure da tsakar gida, ba zai ji baƙunta a wannan tsari ba, don sutura ɗaya aka nufa.

Da safe za a kawo maka karin kumallo a tsakar gida ko a saman rufi: shayi mai na'ana'a, burodi, zaitun, zuma, da wainarsu iri biyu, misamman mai ninki-ninki da bagarir mai ramuka. Mai gidan ko yaronsa ya san sunanka, zai kwatanta maka hanya, zai samo maka ɗan dako, in ka nemi abincin dare tun da rana a dafa maka. Ga wanda ya zo ziyara, babbar ribar ita ce kusanci. Kana jin kiran salla ka yi alwala ka taka, ka zauna wazifa, ka dawo ka huta.

Amma ga abin da hoto ba ya nunawa. Matakalar riyad tsaye take, ƙunci gare ta, kowace taka tana da tsawo, kuma da wuya ka samu lifta. Ɗakin da ya fi kyau a hoto sau da yawa yana hawa na biyu ko na uku. Dattijo ya hau sau ɗaya, ba zai so sake saukowa ba. To ka nemi ɗakin ƙasa, ka kuma san cewa ɗakin ƙasa shi ke kwasar duk hayaniyar tsakar gida, tun daga ƙarar cokula da safe har hirar baƙi da dare. Sauti yana yawo a gidan nan ƙwarai, kukan jaririnka kowa zai ji shi, shi ya sa wasu riyad ba sa karɓar ƙananan yara. Wasu ɗakunan kuma labule ne ko rabin bango tsakanin gado da banɗaki. Ga mata da miji ba matsala, amma in kai da ƙaninka ko da malaminka za ku haɗa ɗaki, abin kunya ne da ya kamata a kauce masa tun kafin a biya.

Sai yanayi. Mutanenmu sukan ɗauka Maroko ƙasar zafi ce kawai. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyin Fas mai shiga ƙashi ne, ga ruwan sama, kuma tsohon gini mai tayil da dogon rufi ba ya ɗumi da wuri. A Yuli da Agusta kuwa zafi kan kai digiri 40, ɗakin sama ya gasu. Don haka ka tabbatar akwai na'urar ɗumama ɗaki ko ta sanyaya shi a cikin ɗakin da za a ba ka, ba a falo kaɗai ba. Wani abu kuma, babbar majemar Shuwara tana ɓangaren Blida. Gidan da ya matse ta yakan sha warin jima idan iska ta juyo, musamman lokacin zafi.

Gidan haya, irin wanda ake samu a dandalin intanet na Airbnb ko Booking.com, amfaninsa na fitowa ne idan kuna da yawa ko za ku daɗe. Kuna da falo, kuna da kicin, sau da yawa har da injin wanki. Iyalin da suka taho da garin tuwo da kuka da daddawa da yaji za su yi girkinsu, kuma duk wanda ya yi mako guda yana cin tajin da kuskus safe da yamma ya san darajar wannan. Mai ciwon suga ma ya fi samun yadda yake so. Mata suna sakewa, babu baƙon namiji a tsakar gida.

Abin da ka rasa shi ne mai kula da kai. Babu kanta, babu mai gadi a mafi yawansu. In jirgi ya yi latti ka iso ƙarfe biyun dare, sai in mai gidan ya ɗaga waya. Shara da wanke-wanke da cefane duk naku ne.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon duk mai kama gidan haya a Maroko ya duba da idonsa, wato na'urar dafa ruwan wanka. Gidaje da yawa da gas take aiki, ana haɗa ta da tukunyar gas. In an kafa ta a cikin banɗaki ko kicin da ba iska, tana iya fitar da iskar guba marar wari marar launi, kuma lokacin sanyi ana rasa rayuka a ƙasar ta wannan hanya. Ka duba ko tana da bututun da ke fitar da hayaƙi waje. Ka bar taga a ɗan buɗe in tana aiki, ka rufe kan tukunyar kafin ku kwanta. In wani ya fara jin ciwon kai ko jiri a banɗaki, a kashe ta a fito da shi sarari nan take.

Haka nan a tashoshi da bakin ƙofofin birni za ka haɗu da masu tare baƙi suna cewa suna da gida mai araha, ko su ce masaukin da ka kama an rufe shi. Kada ka bi su. Masauki mai rajista yana rubuta bayanan fasfonka domin hukuma, kuma wannan kariya ce gare ka. Gidan da ba takarda ba rasit, ranar da wani abu ya ɓace ba ka da wurin kai ƙara.

Mataki na huɗu: yi lissafin gaskiya

Farashin da ke kan allo ba shi ne abin da zai fita daga aljihunka ba. A otal da riyad akwai harajin kwana da ake karɓa a kan kowane mutum kowane dare, sau da yawa a hannu ranar tafiya. A gidan haya sau da yawa akwai kuɗin shara da kuɗin dandalin da ka kama ta cikinsa.

Ga misali da alƙaluman da na ɗauka don lissafi kawai. A ce ku shida ne, kwana bakwai. Ɗakin otal dirhami 500, kuna buƙatar uku, 1,500 ke nan a dare, 10,500 a mako, ban da tasi biyu zuwa da dawowa kullum da abincin rana da na dare a waje. Gidan haya mai ɗaki uku a dirhami 900 zai kama 6,300, ka ɗora kuɗin shara da na dandali da cefane, har yanzu yana ƙasa sosai. Amma juya lissafin: ku biyu ne, kwana biyu. Kuɗin sharar nan ɗaya ne ko kwana nawa ka yi, ga cefanen mai da gishiri da sukari da za ku bari a baya. A nan riyad mai karin kumallo ya fi sauƙi, ya kuma fi hutu.

Lokaci ma yana taɓa farashi. Kwanakin Mauludi unguwar zawiyya tana cika da baƙi, musamman daga Senegal da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Bazarar can, wajen Afrilu da Mayu, da kuma Oktoba, lokacin masu yawon buɗe ido ne. In tafiyarka ta faɗo cikin waɗannan, kama wuri da watanni.

A ganina, ga mafi yawan masu zuwa ziyara, raba kwanakin ya fi. Yawancin masu tasowa daga Legas ko Yamai a Kasabalanka suke sauka, sannan su hau jirgin ƙasa daga filin jirgin sama, su canza a tashar Casa Voyageurs, su yi tafiyar wajen awa huɗu zuwa Fas. Wanda ya iso a gajiye da akwatuna bayan magariba, ya kwana a otal kusa da tasha. Gari ya waye, ya shiga tsohon birni da rana tsaka ya sauka a riyad na kwanakin ziyara. Gidan haya kuwa na ayari ne, ko na wanda zai wuce mako.

Mataki na biyar: karanta abin da baƙi suka rubuta, sannan ka yi tambaya

Kada ka tsaya a kan yawan taurari. Buɗe sharhin waɗanda suka kwana a wurin, ka fara da na watannin baya-bayan nan, sannan ka nemi na waɗanda suka ba da maki kaɗan. Mutum ɗaya ya yi ƙorafin ruwan zafi, wataƙila tsautsayi ne. Mutum biyar sun faɗa, to haka gidan yake. Ka fi ba hotunan baƙi muhimmanci a kan na mai gida. Gidan hayar da ba wanda ya taɓa rubuta komai a kansa, bar shi ga wani.

Daga nan ka aika saƙo ta cikin dandalin. Matambayi ba ya ɓata. Tambayi wace ƙofa tasi zai ajiye ka, kuma minti nawa ne daga can ga mai kaya. Tambayi ɗakin yana hawa na nawa, taka nawa ne. Banɗakin yana cikin ɗaki, yana da ƙofa? Ana sayar da giya a gidan? Za a turo wanda zai tare ka? Da Larabci ko Faransanci saƙon ya fi saurin samun amsa, 'yan Nijar a nan sun huta. Yadda aka amsa maka ma ishara ce. Wanda ya yi kwana uku bai ce komai ba kafin ya karɓi kuɗinka, ba zai fi haka sauri ba bayan ya karɓa.

Mataki na shida: biya da takardu

Ɗan Najeriya yana buƙatar biza kafin ya shiga Maroko, kuma shaidar masauki tana cikin abin da ake nema. To ka kama wurin da aka yarda ka soke ba tare da an cire maka komai ba, ka rubuta ranar ƙarshe ta sokewar a inda za ka gani. Kada ka biya kuɗin da ba a mayarwa alhali bizar ba ta fito ba, ko da rangwamen ya ja hankalinka.

Biya ya kasance ta cikin dandalin, ko a hannu bayan ka ga ɗakin. Duk mai gidan da ya ce ku koma WhatsApp ka tura masa kafin alƙalami ta wata hanya don ya rage maka, ka sani in ka bi shi ka fita daga duk wata kariya. Ka tambayi bankinka iyakar abin da katinka zai iya biya a waje a wata. Riyad da yawa tsabar kuɗi suka fi so, dirhami kuma a cikin ƙasar ake samunsa, don haka ka canza wani abu tun a filin jirgi.

Buga takardar masaukin a kan takarda, da adireshi da lambar waya, domin za a iya tambayarka inda za ka sauka a wurin duba fasfo. In da iyalinka kake tafe, sa kwafin takardar aure a jaka, wasu masaukan suna nema. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Faransa, cajar Najeriya mai ƙafa uku ba za ta shiga ba sai da mahaɗi.

Mataki na bakwai: ranar isowa

Yawancin masaukai ba sa ba da ɗaki sai wajen ƙarfe biyu ko uku na rana, ana kuma fita kafin sha biyu. In da sassafe za ka iso, nemi izinin ajiye kaya. Otal da riyad suna yarda cikin sauƙi, gidan haya kuwa sai ka shirya da mai shi tun kafin ranar.

Idan riyad za ka, kira su tun kana cikin jirgin ƙasa ka faɗi lokacin isowarka, su turo yaro da kura ya jira ka a bakin ƙofa. A tasi ka ce a kunna mita. Ɗan dako kuma ku yi ciniki kafin ya ɗora akwati. Da ka shiga ɗaki, kafin ka kwance kaya, kunna famfon ruwan zafi ka ga ya zo, gwada na'urar sanyi ko ta ɗumi, duba makulli, ɗaga zanen gado ka leƙa gefen katifa ko akwai alamar kuɗin cizo. A gidan haya ka ɗauki hoton duk abin da ka tarar a fashe ko a lalace ka tura wa mai gidan ta cikin dandalin a ranar, don kada a ɗora maka. In abin da ka gani ya saɓa wa abin da aka tallata, a ranar ake kai ƙorafi, ba bayan an kwana uku ba.

Kafin ka fita zagayen farko, karɓi katin gidan mai adireshi da Larabci ka sa a aljihu, ka ba kowane ɗan ayari nasa. Ka bi hanyar zawiyya sau ɗaya da rana tare da yaron gidan, kana lura da alamomin da ba sa motsi, kamar famfon bango ko ƙofar masallaci, domin shagunan da ka gani a buɗe da rana rufe suke da asuba, ranar Juma'a ma da yawansu ba sa buɗewa, lungun sai ya sauya maka kama.